Mun Tafi Melaka da Ibu

Mas Danang,

Shinkafa a ganyen ayaba, kwalbar yaji, laima biyu, kayan 'yarmu Sekar, da hularka ta kamun kifi. Abin da muka ɗauka ke nan, kada ka farka ka ce ɓarayi sun shigo.

Ka dawo aiki da safe ka kwanta, sai na tarar da Ibu, mahaifiyarka, tana ninke kaya a akwati. Wai gida za ta koma. Tun da ta zo Kuala Lumpur rainon jika, ba abin da ta gani sai shanyar maƙwabta. Ka san in ta tafi, ni zan ajiye aiki.

Na ce, "Ibu, ai Mas ya ce zai kai mu Melaka sati mai zuwa."

Ta ce, "Wannan? Ko kaciya sai da ya shekara yana ce min sati mai zuwa."

Dariya ta kusa kayar da ni. Na ce to ta sa takalmi. Mas, har da jan baki ta shafa! Keken nan na Melaka mai furanni da kiɗa take so ta hau, a ɗauke ta hoto ta tura wa ƙawayenta.

Ka yi haƙuri, mun tafi da motar. Miya na kan murhu, ka ɗumama.

Akwatin ya koma ƙarƙashin gado. Ga Ibu can bakin lif, rungume da Sekar, tana ƙwala min kira. Zan ja ƙofa a hankali. Sai Lahadi da yamma. Wata mai zuwa Penang za mu, ko da kai ko ba kai.

Wulan