Tsuntsun Shafin Farko

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da autarki. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, yara sun koma makaranta, gidan ya yi shiru. Baba ne dai jiki ya ja baya. Idon ya ƙara dushewa, yanzu sai dai a ajiye masa kujera a bakin taga ya wuni yana sauraro. Da kunne yake gane tsuntsaye, ya ce wannan kurciya ce, waccan tsattsewa ce ta dawo gininta a ƙarƙashin rufin baranda.

Goggo, maganar ƙungiyarsu ta nazarin tsuntsaye ce ta sa na ɗauki biro. Bana take cika shekara arba'in, za su buga tarihinta. Ke kin tafi tun tana jaririya, to bari in ba ki labari. Mutum uku suka fara ta a shagon Tela, tsakanin keken ɗinki da tarin ƙyallaye: Baba, da Tela, da malamin kimiyyar nan da ake kira Dogo. Madubin hangen nesansu ɗaya ne, ido guda ma ya tsage, karɓa-karɓa suke yi. Mutanen layi suna cewa manyan banza sun rasa aikin yi sai bin tsuntsu. Yau ga ta da mutum fiye da ɗari uku a duk yankin, har da likitoci da 'yan jami'a, da ofishinta mai ɗaki biyu a saman kantin littattafai. Duk Asabar da sassafe suna zagaya tafkin bayan tashar jirgin ƙasa, ni ma ina binsu. In hazon ruwa ya kwanta, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya, balbelu suka tashi fari fat, wallahi sai in ji kamar ban gama farkawa ba.

To, kin san dokarsu ta farko: ba a shigar da tsuntsu babban littafi sai mutum biyu sun gan shi, kowa ya rubuta siffarsa shi kaɗai, sannan a gwada takardun. Shi ya sa shafin farko har yau babu komai sai kwanan wata da ambulan a liƙe. A cikin ambulan ɗin akwai takardar da Baba ya rubuta siffar tsuntsun da ya gani a tafkin wata safiya, wanda ya zo shagon Tela yana ba da labarinsa aka yi ta masa dariya, aka ce mafarki ya yi. Haushin dariyar nan ne ya haifi ƙungiyar. Shekara arba'in yana komawa wurin, tsuntsun bai sake sauka ba.

Sai kwanan nan Dogo ya gaya mini cewa Baba ba shi kaɗai ba ne a ranar. Ya ce ke ce kika kai masa shayi a fulas, kina 'yar shekara goma sha bakwai, kuka tsaya tare a bakin ruwa. Ya ce kin zo shagon da takardarki a ninke, Baba ya ƙi karɓa a gaban mutane, wai shaidar ƙanwa ba shaida ba ce, za a ce ya koya miki ne. Kika yaga ta kika fita, watan da ya biyo kika tafi karatun jinya, maganar ba ta sake haɗa ku ba. Goggo, na ji kunya a madadinsa. Kin san yayanki da taurin kai, ni ma a wurinsa na gada.

Kwamiti ya zauna, sun ce shaidar ɗan'uwa ta halatta. Amma sun ce in takarda ta biyu ba ta iso kafin ƙarshen watan gobe ba, za a buga tarihin ba tare da shafin farko ba, ambulan kuma ta zauna a rufe. Shi ne nake roƙonki, ki zauna ke kaɗai ki rubuta abin da kika gani: girmansa, launinsa, bakinsa, yadda ya tashi. Kada ki kira ni ki ce in tuna miki, doka ta hana, kuma ni ma ban sani ba. Tun da aka yi wa Baba dariyar nan bai sake faɗa wa kowa ba, ko Inna Allah Ya jiƙanta.

Ban so in gaya miki wannan ba, amma gara ki sani. Shekaranjiya da safe ina shafa masa mai a ƙafa, ya lumshe ido har na ɗauka gyangyaɗi yake. Can sai ya ce yana tuna ruwan, yana tuna ɗumin kofin a hannunsa, yana tuna kin kama masa hannun riga kina nuna masa da haɓa don kada ki yi motsi. Amma in ya duba inda kike nunawa, babu komai sai hazo. Ya juyo ya ce mini, "Tambayo mini ƙanwata, wane launi ne? Ita ta riga ni ganinsa." Na shiga kicin na sha kukana.

Ba don littafinsu nake roƙonki ba, Goggo. In takardarki ta zo za a buɗe ambulan, a karanta masa duka biyun yana da sauran jin su.

Ki gaida maigidan da autarki da amaryarta... au, da angonta, kin ga kaina ba ya tare da ni. Tela da Dogo suna gaishe ki, yara ma haka. Baba ya sa an juya kujerarsa ta fuskanci ƙofar gida, ya ce daga nan ya fi jin babur ɗin mai kawo wasiƙa.

Taki har kullum,
'Yar yayanki, takwararki.