Yatsu Huɗu Tsakanin Sanda da Sanda

Litinin, 3 ga Maris

Jikata Yurany ta kawo sandunan horar da karyarta, Panela. Guda goma sha biyu, bututun roba, kowanne da tsinin ƙarfe a gindi. Panela za ta riƙa ratsa tsakaninsu da gudu, hagu, dama, kamar allura a bakin zane. Wai gasar karnuka ce a garin Rionegro, sha biyu ga Afrilu.

Da farko masu gindin ƙarfe ta so, waɗanda aka yi wa walda a jere, ba sa motsi. Ni na hana. Na ce ƙarfe a tsakar gida sai ya karya mini ƙugu in na fito shanya. Ta ce, "Kaka, ke da kike hawa kujera ki kama kaza?" Amma ta bi maganata.

Na ce jikokin mutane suna kawo suruki gida, tawa ta kawo mai ƙafa huɗu. Ta ce aƙalla nata ba ya shan giya.

Talata, 4 ga Maris

Santimita sittin tsakanin kowace sanda, haka dokar gasa ta ce. Yurany ta durƙusa da tef tana awo kamar mai yankan rigar amarya. Biyun ƙarshe suka faɗa cikin fangalin albasata. Panela ta wuce sau uku, ta bar mini fangali kamar an yi dambe a ciki.

Laraba, 5 ga Maris

Yurany ta tafi aikinta a gonar furanni tun da safe. Na zare sandunan, na matso da kowacce yatsu huɗu. Yatsu huɗu kawai. Layi ya fita daga albasa, kuma ya miƙe tsaf, na ja igiyar shanya na daidaita. Na taka tsoffin ramukan da silifa.

Da yamma ta dawo ba ta lura ba. Har na ji daɗin kaina.

Asabar, 15 ga Maris

A gida Panela kamar walƙiya. A filin horo kuma, in ji Yurany, sai ta tsallake ta tara ko ta goma. Na ce kunyar samarin karnuka take ji. Ni kaɗai na yi dariya.

Asabar, 22 ga Maris

Na bi ta filin yau, da arepa, wainar masararmu, a jaka. Sandunan can masu gindin ƙarfe ne, kuma da ido ma na ga sun fi namu tazara. Panela ta shiga daidai, sandar farko a kafaɗar hagu, sai ƙafafunta suka rikice. Takunta gajere, na gidanmu. Ta bugi ta bakwai da fuska, ta fice.

Nohemí mai horar da su, mace mai murya kamar ta kwandastan bas, ta tambaya a gaban kowa: "Yarinya, kin auna na gida kuwa?"

"Sittin cif. Da hannuna."

"To ke ce kike ruɗa ta da jikinki. Kare ba ya ƙirƙiro kuskure, koya masa ake yi."

Ina zaune a kan benci, ina jin komai.

Lahadi, 23 ga Maris

Na shiga ikirari a coci. Na gaya wa Fada gulmar da na yi wa maƙwabciya, da ƙwai biyun da kazarta ta saka a gidana na cinye. Sanduna kuwa, bakina ya ƙi. Ta ina zan fara?

Laraba, 26 ga Maris

Na yi niyyar maida su yadda suke a ɓoye. Na ɗauko tef ɗinta, na tsaya. In na gyara shiru, har abada za ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Na maida tef cikin aljihun tebur. Ban gyara ba, ban faɗa ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Panela tana ɗingishi da ƙafar gaba. Likitan dabbobi ya ce kafaɗa ce ta gurɗe kaɗan, hutu sati biyu. Ya tambaya ko tana lanƙwasa jiki a wuri matsattse.

Yurany ba ta ci abinci ba. Ta ce gobe za ta cire sunansu daga gasa, kuma za ta roƙi Nohemí ta nemo wa karyar wanda ya san abin da yake yi. "Shekara biyu ina tashi da asuba, Kaka. Ƙarshenta na gurgunta ta."

Yarinyar nan tun rasuwar uwarta ban ga ta so wani abu kamar wannan ba.

Asabar, 29 ga Maris

Na tare ta a kicin tana haɗa kofi. Ban san wata hanya ba, sai na ce bari in ba ta labari. Wata tsohuwa ce, na ce, mai fangalin albasa da yatsu huɗu. Tun tana ƙarama in na fara labari sai ta yi murmushi. Yau ma ta fara, sai ya tsaya a rabin hanya.

Ta ajiye kofin, ta ɗauki tef ta fita. Ina kallo ta taga. Ta auna duka, ɗaya bayan ɗaya. Hamsin da uku. Hamsin da huɗu. Wani wurin hamsin da biyu.

Ta dawo ta ce, "Kina zaune a kan benci ranar da Nohemí ta faɗa mini maganar nan."

Na ce ina zaune.

"Albasa, Kaka."

Ta juya ta fita. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Litinin, 31 ga Maris

Gaisuwa kawai. Ta wanke kwanonta da kanta.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na kira ɗana Eliécer mai walda, na ce ya yi gindin ƙarfe, sittin-sittin. Ya ce, "Mama, ba ke kika ce zai karya miki ƙugu ba?" Na ce ya yi aikinsa ya bar ƙuguna. Albasa na tumɓuke duka, mun yi miya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau ce gasar. Muna gida. Yurany ta wuni a ɗaki.

Talata, 29 ga Afrilu

Nohemí ta ce a sake daga tushe, sanda biyu, sannan huɗu, kullum sau uku, minti biyar-biyar. Na rana ba mai yi, Yurany tana wurin aiki. Ranar Lahadi ta ajiye mini gwangwanin busasshiyar hanta, ladan Panela in ta yi daidai, a kan tebur, ta ce, "Kafaɗar hagu take shiga. Kar ki yi mata surutu." Ba ta ƙara zancen bayar da karyar ba.

Ni dai ba son kare nake ba. Warin jiki, ga gashi a kujera.

Yau da rana Panela ta ratsa mini sanda shida ba ta taɓa ko ɗaya ba. Na sa ta maimaita don in tabbata. Wake ya ƙone a kan wuta.