Ƙwayoyin da Ke Bakin Zanena

Sauka Kahuta, Minna
9 ga Maris, 1970

Ɗana Ndanusa,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinka, ya aikin jirgin ƙasa a Inugu? Malam Yisa tela ne ke rubuta mini.

Ka zo gida. 'Yarka Sakinatu tana asibiti, sanƙarau ne. Wuyanta ya sandare, ko haske ba ta so. Zafin bana ya kwantar da yara da yawa, har a baranda ake shimfiɗa su. Sun soka mata allura a gadon baya, sun ɗebi ruwa fari kamar na shinkafa. Na yi ihu, suka fitar da ni. Wai cutar iri-iri ce, sai sun reni ƙwayarta a kwalba kafin su san maganin da zai kashe ta. Yarinya na mutuwa, su suna reno!

Ni dai tsoro nake ji.

Iyarka,
Adiza

Minna
14 ga Maris, 1970

Ɗana,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Wannan karon Esta ce ke rubuta mini, ma'aikaciyar jinyar ɗakinsu Sakinatu. Ba zan iya faɗin wannan a gaban Malam Yisa ba.

Na ɓoye maka magana. Ba ran da ciwon ya fara na kawo ta ba, kwana uku na riƙe ta a ɗaki. Ka tuna fararen ƙwayoyin da suka tashi babanka a sanƙarau na shekarun baya? Ragowar na ƙulle a bakin zanena, shekara takwas. Su na riƙa daka mata a kunu. Na ce abin da ya tashi ƙato, ai zai tashi 'yar shekara shida. Kuma na ga waɗanda ake kaiwa asibitin nan, ba duka ke dawowa ba.

Jiya sakamako ya fito. Esta ta ce ƙwayar cutar bana ta saba da wancan maganin, ba ya yi mata komai. Ashe gari kawai nake ba jikata. Sun koma yi mata wata allura, wai ita ce daidai. Likita ya tambayi yaushe ciwon ya fara, na faɗa masa gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, ƙasa kawai ya duba. Gara ma ya zage ni.

Iyarka,
Adiza

Minna
16 ga Maris, 1970

Ndanusa,

Ina gaisuwa. Ban san ko takarduna sun same ka ba.

Sakinatu ta rasu jiya da hantsi, an kai ta bayan azahar. Allurar daidai ce, Esta ta ce, kwanakin ne suka ƙure.

Amana ka bar mini da uwarta ta rasu. In ka zo, kar ka je asibiti da faɗa, sun yi nasu. Wurina za ka zo. Ƙwaya huɗu suka rage, suna nan a bakin zanena, na kasa kwance ƙullin.

Allah Ya ba ka haƙuri.

Iyarka,
Adiza