Laimar Baba a Zauren Barnsley

London, Maris 1978

Yaya Howard,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Aberdeen bai gama da kai ba. Bayan haka, ina cikin tsaka mai wuya. Clive Marrable, mai shirya mana wasa, ya sa mu yi wasa a Barnsley ƙarshen wata. Garinmu fa, Yaya, a zauren da Baba ya yi shekaru yana busa ƙaho da ƙungiyar mahaƙa kwal!

Ka san Baba bai ce mini uffan ba tun da na aske kai na bi masu kiɗan pank, kiɗan hayaniyar nan na samari masu tawaye. Ga shi Clive ya hana ni busa yadda Baba ya koya mini. Cewa ya yi, "Ke Glenys, gwaninta ta tsofaffi ce. Sa ƙahon nan ya yi kukan jaki, shi 'yan jarida ke so." In Baba ya zo ya ji haka, na rasa shi ke nan. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Glenys

Aberdeen

Glenys,

Na samu wasiƙarki, ina lafiya. Ra'ayina kan mutumin nan bai canza ba. Wanda zai kira hukuma da kansa, ya sauya murya ya kai ƙarar wasansa don a hana, jarida ta buga, ai ɗan iska ne. Kuma wannan ƙazantar taku ta 'yan kallo su riƙa tofa wa makaɗa yawu wai yabo ne, a gaban Baba za a yi miki? Ki ce ba ki da lafiya. Mama ta ce mini Baba ya riga ya goge takalminsa na zuwa wasan.

Ki kula da kanki,
Howard

London, Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ɗan iska ne, na yarda, amma kafin shi wa ya taɓa ba 'yar mahaƙin kwal dandamali? Na je.

Muna farawa yawu ya fara sauka kamar yayyafi. Ina kukan jakin nan kaina a ƙasa, sai na ga mutum da kwat da laima yana kutsawa cikin samari masu tsalle. Baba! Na ce yau mari zan sha. Ya hau dandamali, ya tsaya kusa da ni, ya buɗe laimar ya tare ni daga 'yan kallo.

"Ba a tofa wa ƙaho yawu," in ji shi. "Ke kuma, haka na koya miki? Ɗaga gwiwar hannu!"

Wani yaro mai koren gashi ya yi ihu, "Tsoho, yabo ne fa!"

Baba ya ce, "To yabi uwarka da shi!"

Yaya, sai na busa. Busa ta gaske, irin ta ranar Lahadi a kicin ɗinmu. Mai ganga ya rage gudu ya biyo ni. Tsalle ya koma rawa. Hawaye na yi ta yi a bayan laimar nan, don daɗi.

Clive fa? Na zata kora ta zai yi. Sai ga shi yana murza hannu: "Pank ya mutu, ga sabon yayi! Dama abin da nake nufi ke nan." Maƙaryaci! Yanzu duk ƙungiyoyinsa neman mai ƙaho suke, kuma yana so Baba ya bi mu da laimarsa gari-gari. Baba ya kalle shi sama da ƙasa ya wuce. Ni ma ko sallama bai yi mini ba, shi ya sa har yanzu ban san matsayina ba.

Taka,
Glenys

Barnsley

Glenys,

Muna lafiya. A waƙa ta uku numfashinki ya gaza. Kin daina atisayen safe, na sani.

Ki gaya wa mutumin nan ni ba abin kallo ba ne. Amma na ji kuna Sheffield wata mai zuwa, kuma motar haya na zuwa can. Na kai laimar gyara.

Ki zo gida Lahadi da ƙahonki.

Babanki