Turken da Kuka Tumɓuke na Inna Ne

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Kwana a Jirgi ta tungarmu da ke bakin tafkin Kainji, ƙasar Ngaski.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa, na fito da maganar nan fili ne don na je wurinka sau da dama ana ce mini kana Yauri.

Na ɗaya. Ka san mu ba mu da gida a tudu. Jirginmu mai rumfa shi ne ɗakinmu, a ciki aka haife ni. Don irinmu aka kafa tungar nan, inda kowane ɗan ƙungiya yake da turken ɗaure jirginsa. Al'adar kuwa ba ni na ƙirƙiro ta ba: duk wanda zai bi kifi zuwa wani wuri, sai ya ɗaura tsumman taru a kan turkensa, kuma muddin tsumman yana nan ba mai taɓa wurin. Na ɗaura nawa da hannuna kafin mu bi kifi zuwa Shanga bayan Babbar Sallah, kuma ban taɓa fashin biyan kuɗin ƙungiya ba.

Na biyu. Da muka dawo, sai na tarar an tumɓuke turken an jefar, ga wani ƙaton jirgi mai inji a wurin. Mai shi ɗan kasuwa ne, yana da gidan siminti a Warra, bai taɓa kwana kan ruwa ba, sauron tungar nan ma bai san ɗanɗanon jininsa ba. Mu kuwa aka kora mu can ƙarshen gaɓa, cikin laka, inda dorina ke fitowa kiwo.

Na uku, wanda shi ne ya ƙona mini rai. Mahaifiyata, Inna Hajo, idanunta sun tafi. Daga tsohon turkenmu na ja mata igiya zuwa gindin giginyar da murhunta na banda yake. Igiyar nan take bi ta sauka ita kaɗai, ta kyafa kifinta, ta yi hira da mata, ta dawo ba mai ja mata hannu. Washegarin da aka canza mana wuri ta laluba da safe ba igiya, ta zurma cikin laka har ƙugu. Tun ranar ba ta sake taka ƙasa ba. Tana zaune a ƙuryar jirgi, ta daina tambayar ko an samu kifi. Matar da ta haƙura da rashin ido, yanzu kun raba ta da ƙafa.

Ranka ya daɗe, kai ma a jirgi ka tashi, kuma ka ci bandar tsohuwar nan tun kana yawo ba wando. Ina jin haushi, ba zan ɓoye maka ba.

Roƙona a matsar da jirgin ɗan kasuwar, a mayar mana da wurinmu, a kuma faɗa wa jama'a ko tsumman taru ya daina aiki, don kowa ya san matsayinsa kafin ya tafi su.

Na sassaƙa sabon turke. Ranar kasuwar Warra mai zuwa zan goyo Inna, ta riƙe shi ina bugawa a ramin tsohon turken. Wanda zai sake tumɓuke shi, ya zo ya karɓa daga hannunta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya bar maka idanunka har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Garba ɗan Hajo, masunci.