Tsarabar Barau a Cikin Kwalba

Daga hannun Arzika, wurin aikin hanyar jirgin ƙasa a Kafanchan, zuwa ga Yaya Lauratu a Dutse. Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da yara? Akuyata ta haihu kuwa?

Bayan haka, lafiyata ƙalau, dariya ce kawai ta gagare ni, ɗinki yana ja. Kin tuna ciwon cikin nan da Barau ɗan Kawu ya rantse wa dagaci cewa shaƙiyancina ne, har aka sa ni cikin masu aikin dole? To, a nan na faɗi da kwandon ƙasa a kai. Likita Bature ya danna cikina ta dama, na kurma ihu. Ya shaƙa mini magani, ya yanka, ya ciro wani ƙari a jelar hanjina, girman dabino. Kwana tara ban san inda nake ba. Kada Inna ta ji wannan.

Na roƙi abin, an ba ni a kwalba. In kin sami mai zuwa, aiko mini da kuka da daddawa.

Kada ki gaya wa Barau komai. Tunda ya ce ƙarya ce, ranar da na dawo, a gaban dagaci zan juye masa kwalbar nan cikin akushinsa.

Allah ya sada mu. Wassalamu.