Bello da Rikodarsa a Gaban Arɗo

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya jikin Inna? Mu nan Gwandu lafiya lau.

Ƙanena Bello, mai karatun sasanta ƙasashe a jami'a, malaminsa ya sa shi rubuto yadda manoma da makiyaya ke sulhu. Na raka shi Bello Kalgo wurin Arɗo. Ko goro bai miƙa ba, ya dasa wa dattawa rikoda. Suka zaci kotu za a kai maganar. Arɗo ya ce, "Yaro, mu ba mu taɓa faɗa ba."

In bai rubuta ba, ba zai gama bana ba. Ko tuwo ba ya ci. Arɗo abokinka ne, don Allah ka aika masa cewa yaron ɗanka ne.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ɗanka,
Umaru